Aikin haƙar mai a teku: tun 1986 aka shuka abin da ake girba

Duk sanda aka ji an sallami ma'aikata a wuraren haƙar mai da iskar gas na cikin teku, gardamar ɗaya ce. Wasu su ce dokokin sauyin yanayi ne suka kashe sana'ar, wasu su ce ai tashoshin lantarkin iska za su ɗauki duk waɗanda aka sallama aiki. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. A 1947 aka haƙa rijiya a Mashigin Mekziko, can inda ba a hango tudu. Aka gano filayen mai na Ekofisk a 1969 da Forties a 1970 a Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norway, mai ya yi tsada a shekarun 1970, kamfanoni suka yi ta ɗaukar matasa suna koya musu aiki da kuɗinsu.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1986. Gangar mai da ke kusan dala 30 a ƙarshen 1985 ta faɗo zuwa wajen dala 10 cikin 'yan watanni. An sallami mutane, amma ba wannan ne babban ciwon ba, don wanda aka sallama yana iya dawowa. Abin da bai dawo ba shi ne tsarin ɗaukar aikin kansa. An tsuke ƙofar ɗaukar sabbin hannu shekara da shekaru, ɗalibai suka guje wa karatun injiniyan mai, sannan ayyuka da yawa, daga walda da gyaran injuna har dafa abinci, suka koma hannun 'yan kwangila. Ma'aikaci ya tashi daga ɗan gida ya koma wanda ake kira idan da aiki, a sallame shi idan babu. A takardar lissafi wannan dabara ce mai kyau. A kan dandamalin haƙar mai da ke cikin teku kuwa, an wayi gari ga dattawa masu shirin ritaya, ga yara sabbin shiga, tsakiyar babu kowa. Faɗuwar farashi ta 1998 ta ƙara ɗaure wannan ƙulli.

Shi ya sa da ganga ta rikito daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, rage mutane bai yi wuya ba: ƙin sabunta kwangila kawai ya isa. A ɓangaren Birtaniya na Tekun Arewa, inda haƙar ta kai ƙololuwa tun 1999, da yawa suka koma mako uku a teku, uku a gida, maimakon mako biyu a teku da suka saba. A Norway kuwa, inda ƙungiyoyin ƙwadago ke da ƙarfi, mako biyu a teku da huɗu a gida ya ci gaba. Teku ɗaya, farashi ɗaya.

Aikin bai ƙare ba, ƙaura yake yi zuwa ruwa mai zurfi a Brazil da Guyana, kuma sabbin wuraren ba su buƙatar hannu da yawa, tunda ana iya lura da wasu injuna daga ofis a tudu.

Masu cewa a koma lantarkin iska su dubi ɗan kwangila. Kafin ya hau jirgi mai saukar ungulu da zai kai shi wurin aiki a teku, sai an ɗaure shi a kujerar jirgin gwaji, an nutsar da shi a kwarmin ruwa, an kifa, ya lalubi taga ya fito. Duk shekara huɗu zai sabunta takardar shaidar wannan horo, sau da yawa daga aljihunsa. Idan ya nufi aikin iska, wata takardar daban za a tambaye shi.