Kana ƙasar waje, lambar banki ta ƙi shigowa: me dokar Turai ta ce?

A ce mutum ne mazaunin Jamus, albashinsa na shiga wani bankin can, ya tafi hutun mako biyu Turkiyya. Yana sauka filin jirgi ya zare sim ɗinsa na Jamus, ya sa na Turkiyya saboda arhar data. Bayan kwana uku ya tuna bai biya kuɗin haya ba, ya buɗe shafin banki. Banki ya ce an tura masa lamba ta saƙon tes, ya shigar da ita. Ya zura wa waya ido, shiru. Sim ɗin da aka aika wa lambar yana can ƙasan jaka, a naɗe cikin takarda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wannan tasa mai sauƙi ce, mayar da sim kawai zai yi. Akwai wanda sim ɗin na cikin waya, ga sabis ya cika, amma saƙo ya ƙi zuwa. Shi ne ke tambaya cikin fushi: wa ya ba banki ikon hana ni kuɗina? Kuma wa doka ta ɗora wa alhakin kawo mini saƙon? Amsar na cikin dokoki biyu na Tarayyar Turai, ɗaya ta harkar biyan kuɗi, ɗaya ta harkar waya. Kowacce ta yi aikinta, sai dai akwai rami a tsakaninsu, kuma cikinsa matafiyi ke faɗawa.

Dokar farko: shaida biyu

Ana kiran ta PSD2 a taƙaice. An amince da ita a 2015, sashenta na tsaurara tantance mai asusu kuma ya fara aiki ranar 14 ga Satumba, 2019, ko da yake an ɗaga wa masu sayayya da kati a intanet ƙafa har ƙarshen 2020. Birtaniya ta fice daga Tarayyar amma ta riƙe irin wannan ƙa'ida a dokarta, ta kammala tilasta ta a watan Maris na 2022.

Abin da sashen ya ce ba shi da wuyar fahimta. A wurare uku dole banki ya tabbatar kai ne: lokacin da za ka shiga asusunka ta intanet, lokacin da za ka tura ko ka biya kuɗi ta na'ura, da lokacin da za ka yi wani abu daga nesa wanda ɓarawo zai iya fakewa da shi, kamar sauya lambar waya. Tabbatarwar kuma sai da shaida biyu daga cikin iri uku: abin da kai kaɗai ka sani, kamar kalmar sirri ko lambar fin, abin da kai kaɗai ke riƙe da shi, kamar kati ko waya, da abin da ke jikinka, kamar zanen yatsa ko fuska. Biyun su fito daga iri daban-daban, ta yadda in an sace ɗaya, ɗayan bai tafi tare da shi ba.

Ka sake karanta wannan, za ka ga babu inda aka ambaci saƙon tes. Doka ba ta ce a yi amfani da shi ba. Bankuna ne suka zaɓe shi domin kusan kowa na da layi, kuma ba ya buƙatar babbar waya. A watan Yuni na 2019 Hukumar Kula da Bankuna ta Turai ta fayyace cewa lambar da ta zo ta tes tana iya zama shaidar abin da kake riƙe da shi. Amma ka lura da abin da take shaidawa: ba saƙon ba, ba ma wayar ba, sim ɗin da ke ɗauke da lambar da ka ba banki. Hukumar ta kuma ce lambobin da aka buga a jikin kati ba sa cikin shaidun, tunda duk wanda ya ga katin ya gan su.

A nan gizo ke saƙar. A idon banki, wanda ya zare sim ya ajiye shaidarsa ta biyu. Fasfo ɗinka, muryarka, shekara goman da ka yi kana hulɗa da su, duk ba sa maye gurbinta a wannan lokacin. Ma'aikacin da ka kira a waya kana roƙo ba rashin tausayi ya sa ya ƙi buɗe maka ba, ba shi da hurumin tsallake matakin. Kuma dokar asusu take bi, ba gangar jikinka ba. Kana Berlin ko kana tsakiyar Sahara, in asusun na Turai ne, shaida biyu ce.

Akwai ƙananan ƙa'idoji biyu da suka fi cizon matafiyi. Ta farko, lambar da aka aiko don biyan kuɗi ta intanet a ɗaure take da adadin kuɗin da kuma wanda za a biya. In ka sauya ɗaya daga ciki, ta mutu. Ta biyu, kuskure a jere ba zai wuce sau biyar ba, daga nan a toshe hanyar, na ɗan lokaci ko dindindin. Wasu bankunan ma ba sa kai wa biyar. To ka ga hatsarin: saƙo ya makara, ka danna a sake turowa sau uku, can sai ga su sun shigo a tare, ka ɗauki ta farko wadda ta riga ta mutu, ka sake ɗaukar ta biyu. Da hannunka ka kulle kanka. In haka ta faru, ta ƙarshe ce mai rai.

Dokar ta bar ƙofofi kaɗan. Sayayyar intanet da ba ta wuce yuro 30 ba tana iya wucewa ba tare da lamba ba, muddin jimillar irinta tun tantancewar baya ba ta haura yuro 100 ba, ko ba ta wuce sau biyar a jere ba. Taɓa kati a jikin na'ura ba tare da fin ba yana da iyakar yuro 50, jimilla 150. Haka tura kuɗi tsakanin asusunka biyu a banki ɗaya, da biyan da ke maimaita kansa kowane wata da adadi ɗaya ga mutum ɗaya bayan an tantance na farko, da biyan wanda ka riga ka sa cikin jerin amintattu. Sai dai waɗannan ƙofofi na banki ne, ba naka ba. Ya ga dama ya buɗe, ya ga dama ya rufe, kuma ganin an shigo daga baƙuwar ƙasa shi ne irin abin da ke sa shi rufewa.

Abu guda da mutane ke mantawa: kati da lambar fin a shago ko a na'urar cirar kuɗi sun riga sun cika sharaɗin shaida biyu. Kati a hannu, fin a ka. Ba ruwansu da sabis ɗin waya.

Doka ta biyu: layinka a ƙasar wasu

Tun 15 ga Yuni, 2017, mai layin wata ƙasar Tarayyar Turai yana amfani da shi a sauran ƙasashen kamar yana gida, babu ƙarin caji. An sabunta dokar daga 1 ga Yuli, 2022, za ta kai 2032. Ta shafi ƙasashe 27 na Tarayyar da Norwe da Aisland da Lishtanshtain, daga farkon 2026 kuma aka ƙara Yukiren da Moldoba. Karɓar saƙon tes kuwa ya riga sauran zama kyauta, tun 2009. Ko da kamfani ya lura cewa cikin wata huɗu ka fi zama a waje kuma ka fi amfani da layin a waje, ya gargaɗe ka, ya ba ka kwana 14, sannan ya fara ɗora ƙarin kuɗi kan kira da data, ba zai ɗora shi kan saƙon da ya shigo ba.

Saboda haka mai layin Italiya da ya je Sifaniya ba shi da dalilin zare sim. Lambar banki za ta same shi, ko sisi ba zai biya ba.

Amma dokar na da iyaka, kuma iyakar ta ƙasa ce. Suwizalan tana tsakiyar Turai, ba ta ciki. Turkiyya ba ta ciki. Kamfanonin Birtaniya sun daina zama ƙarƙashinta daga farkon 2021, wasu daga cikinsu kuma suka dawo da caji. Sabis ɗin da jirgin ruwa ko na sama ke bayarwa ta tauraron ɗan adam shi ma ba ya ciki, ko da jirgin tsakanin ƙasashen Tarayyar biyu yake tafiya. Da ka fita daga da'irar, abin da ya rage maka na kariya ɗan kaɗan ne: saƙon da ke gaya maka farashi lokacin da ka shiga ƙasar, da katse data idan ta ci yuro 50, sai in kai ka ce a ci gaba. Kamfanoni da yawa ba sa cajin karɓar tes a ko'ina a duniya, amma wannan yarjejeniyarka da su ce, ba umarnin doka ba. Ka duba takardarka.

Ga ramin da na faɗa. Dokar kuɗi ta ce a tambaye ka shaida a ko'ina kake. Dokar waya ta fi tsayawa kan farashi, kuma a cikin da'irarta kawai. Babu ɗaya da ta ce wa kowa: lallai ka isar da wannan saƙo ga wannan mutum a Maroko. A ganina wannan giɓi ne na gaske, domin an ɗora tsaron kuɗin mutane a kan hanyar da ba a ɗora wa kowa alhakin ta kai ba.

Hanyar kuwa doguwa ce. Banki yakan miƙa saƙon ga wani kamfanin tura saƙonni, shi kuma ya kai shi ga kamfanin layinka na gida. Kamfaninka ya duba rajistarsa ya ga sabis ɗin wa ka hau a yanzu, ya miƙa wa wancan, wancan ya sauke maka. Kowace gaɓa na iya tsinkewa. Wataƙila ba a buɗe wa layinka aiki a waje ba, abin da ya fi faruwa da layukan sa kati. Wataƙila babu yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu. Wataƙila kamfanin baƙuwar ƙasar yana tace saƙonnin da suka zo da suna maimakon lamba, ya ɗauki na bankinka a matsayin shara. Ko kuma ƙasar ta kashe tsofaffin sabis, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suka kashe 3G a 2022, tsohuwar wayarka ta rasa inda za ta maƙale. Ko layin ya mutu don an daɗe ba a sa masa kuɗi ba, wanda shi ne mafi muni, tunda lambar na iya komawa hannun wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda doka ba ta wajabta tes ba, ka tambayi bankinka wace hanya yake da ita ban da shi. Galibi akwai amincewa ta cikin manhaja, wadda intanet kawai take so, ko na masauki ne. Wasu na ba da ƙaramar na'ura mai fitar da lamba. Ga imel da shafukan sada zumunta, waɗanda dokar kuɗi ba ta shafa ba, akwai manhajojin da ke ƙirƙiro sabuwar lamba kowace daƙiƙa 30 ba tare da sabis ko data ba. Duk waɗannan a gida ake kunna su, domin kunnawar kanta yawanci sai an turo maka tes. Haka sa mai gidan haya cikin jerin amintattu: sai da tantancewa, don haka a yi tun kafin a ɗaura kaya.

Sim ɗin gida kuma a bar shi a kunne. Tes ba ya bin data, don haka kana iya kashe datar layin gida, ka hau ta layin baƙuwar ƙasa a ramin sim na biyu ko ta eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, saƙo ya ci gaba da shigowa. In ya ƙi, shiga saitin waya ka zaɓi wani kamfanin da hannu. Sau da yawa wannan kaɗai ke warware ta.

Bankunan ma ba don Allah suke janye jiki daga tes ba. A 2017 ɓarayi sun yi amfani da raunin tsohon tsarin da kamfanonin waya ke magana da juna, suka karkatar da lambobin wasu masu asusu a Jamus, suka kwashe kuɗi. Tsarin da ke neman ka a ƙasar waje ya kai maka saƙo, shi suka ruɗa ya kai musu. A shekarar, cibiyar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta sa hanyar tes cikin waɗanda ake amfani da su da taka-tsantsan. A Yulin 2024 Singafo ta sanar cewa manyan bankunanta za su daina karɓar irin wannan lamba wajen shiga asusu ga wanda ya riga ya kunna tantancewa ta manhaja.

Saura batun asara. In aka cire maka kuɗi ba da izininka ba, PSD2 ta ce banki ya mayar kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba bayan ya samu labari, sai in yana da hujjar zargin kai ne mai damfarar. Ka sanar da zarar ka gani, kuma kada ya wuce wata 13. In katinka ne ya ɓace ko aka sace, abin da za a iya ɗora maka bai wuce yuro 50 ba. In kuwa banki bai nemi shaida biyun ba, ko sisi ba za ka ɗauka ba. Amma in ya nema, aka kuma tabbatar ka yi mummunan sakaci, asarar duka taka ce. Matafiyin da ya kwana yana jiran lamba shi ne ya fi saurin yarda da wanda ya kira ya ce daga banki yake, zai taimaka, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wanda ya karanto, banki na iya cewa sakaci ne. Dokar dai ta ce ganin an yi amfani da lambar kaɗai bai isa hujja ba, sai bankin ya kawo shaidar sakacin, in kuma ba ku daidaita ba, kana da damar kai ƙara ga hukumar sasanta rikicin kuɗi ta ƙasar da asusun yake.