Waiwaye: Yadda Ƙirga Kawuna Ya Maye Gurbin Bibiyar Ayyuka a Zango

Tun da tallafin ƙasashen waje ya ja baya a 2025, muhawara ta ƙi ƙarewa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, unguwannin Zango na Accra a Ghana: ina ayyukan da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka ce sun yi? Wasu na cewa kuɗin aka cinye. Ba a rasa inda aka ci ba, amma ciwon ya daɗe, kuma tushensa yana cikin yadda ake auna aikin.

Farkon labarin sananne ne. Ƙungiyoyin sun yawaita bayan tsuke bakin aljihun da gwamnatin Ghana ta fara a 1983. Muradun ƙarni na 2000 suka zo da alƙaluma, sanarwar Paris ta 2005 kan ingancin tallafi ta ce a duba sakamako, taron da aka yi nan Accra a Satumban 2008 ya jaddada hakan.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Nuwamban 2010, lokacin da aka sake lissafin arzikin Ghana, aka matsar da shekarar ma'auni daga 1993 zuwa 2006. Adadin ya ƙaru da wajen kashi 60 cikin ɗari, ƙasar ta shiga sahun masu matsakaicin samu, ga man fetur ya fara fitowa a Disamba. Mai koko a Nima ba ta ga ƙari a cinikinta ba, amma a takarda Ghana ta fita daga layin matalauta. Sannu a hankali wasu masu bayarwa suka fara naɗe tabarma, kuɗin da ya rage kuma yawancinsa na gajeren wa'adi ne, ƙungiyoyi da yawa na rububinsa.

Gajeren wa'adin nan shi ya illata bibiya. Awo na gaskiya sai an yi binciken farko kafin a taɓa komai, a riƙa leƙawa ana cikin aiki, a kuma dawo bayan an tashi. A aikin shekara guda, watannin farko suna tafiya wajen jiran kuɗi da ɗaukar ma'aikata, sai a tsallake binciken farko. Rahoton ƙarshe ana son sa da zarar an rufe, babu kuɗin komawa bayan wata shida. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kasafi da ake ba da shawarar warewa don bibiya, shi ake fara yanka in kuɗi ya gaza.

Ɗauki koyar da 'yan mata ɗinki. Akwai takardar halarta da dangwalen yatsa, akwai rasit ɗin kuɗin mota, akwai hoton raba kekunan ɗinki. Duk gaskiya ne, duk suna shiga rahoto. Abin da ba ya shiga shi ne wadda ba ta da kuɗin hayar shago ko na yadin farko, wadda kekenta ya lalace ba ta san mai gyara ba, da wadda ta sayar da shi ta biya bashin gida. Ba a rubuta abin da kowacce ke samu kafin horon ba, don haka ko wadda ta ci gaba, babu yadda za a nuna hakan. Wannan yana da zafi, domin ma'aikatan da suka yi aiki tsakani da Allah su ma ba su da hujja a hannu.

Da wannan rahoto ake neman kuɗin zagaye na gaba. Tunda ya nuna an raba kekuna an kuma cika adadi, sabuwar takardar neman tallafi kekuna take sake nema, ba jarin shago ba.