Tambayoyi Kan Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffin Jiragen Ƙasa Masu Cin Kwal

A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jiragenta na ƙarshe masu aiki da kwal da tururi daga manyan layukanta. Amma har gobe, idan ka je Ingila ko Wales a ƙarshen mako, za ka iske irin waɗannan jirage suna tuƙar hayaƙi a ƙananan layuka, cike da iyalai 'yan yawon buɗe ido.

Me ya hana a narkar da su gaba ɗaya?

An narkar da mafi yawansu. Dubbai aka yanka aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Kaso mai tsoka na waɗanda suka tsira kuwa, wani ɗan gwangwan ne sanadinsu, Dai Woodham, mai filin tara ƙarafa a garin Barry da ke gaɓar teku a kudancin Wales. Kan jirgi, wato injin da ke jan tarago, har 297 ya saya don ya yanka. Sai ga tsofaffin taragon kaya suna ta kwararowa filinsa, su kuma sun fi sauƙin yanka, kuɗinsu ya fi saurin shigowa. Sai ya ce wa yaransa su fara da taragon, kawunan jirgin su jira sai ranar da aiki ya yi sauƙi. Ranar ba ta zo da wuri ba. Kafin nan masu sha'awar jirgi sun farga, suka kafa ƙungiyoyi, suka yi ta karo-karo suna saye ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin 1968 da 1990 kan jirgi 213 suka bar filin nan da ransu. Shi Woodham ba don tarihi ya yi ba, lissafin kasuwa ne kawai, amma faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ke nan taragon kaya ne suka fanshi kawunan jirgi?

Kusan haka ne, kuma har yanzu su ne 'yan bora. Kan jirgi yana da suna da lamba, yara suna ɗaukar hoto a gabansa. Taragon fasinja yana kawo kuɗin tikiti. Taragon da ya ƙare rayuwarsa yana dakon kwal ko shanu fa? Ba mai biyan ko sisi don ya shiga cikinsa, ga shi yana cin wuri a kan layi. Shi ya sa ake barinsa a waje, ruwa da rana su gama da shi.

A ganina wannan kuskure ne babba, domin don kaya aka fara shimfiɗa layin dogo, fasinja daga baya ya biyo. Yawancin tsofaffin taragon kaya na Birtaniya ba su da birkin da direba zai iya dannawa daga gaba. Dole a maƙala wani ɗan tarago mai nauyi a can ƙarshe, ma'aikaci ya zauna ciki shi kaɗai yana murɗa birkin hannu idan an zo gangara. Wanda bai ga jerin taragon nan suna karo da juna, sarƙoƙi suna ƙara ba, bai san yadda aikin yake ba. Wannan ne ya sa layin tarihi na Great Central a Ingila, ɗaya daga cikin ƙananan layukan nan na 'yan yawon buɗe ido, ya tara jerin taragon kwal masu ɗaukar tan 16, ana jan su lokaci-lokaci don a gani da ido.

Gyaransu bai kai na kan jirgi wuya ba. A kankare tsatsa, a yanke farantin ƙarfen da ya rube a sa sabo, a canza katakon daɓe, a duba ƙafafu da birki, a shafa fenti, sannan a rubuta lamba da haruffa yadda suke a tsofaffin hotuna. Mutum biyar masu haƙuri sun isa.

A kan jirgin kansa, ina gizo ke saƙar?

A tukunya. Ita ce doguwar gangar nan da ta cinye yawancin jikin jirgin. A bayanta akwai murhu, wanda a jiragen Birtaniya galibi da jan ƙarfe ake yin cikinsa, kuma ruwa ne ke kewaye da shi. Ɗaruruwan sandunan ƙarfe ne ke riƙe bangon ciki da na waje don kada ƙarfin tururi ya buɗe su. Daga murhun, bututu masu yawa ke ratsa cikin ruwan suna kai zafi har gaba wajen da hayaƙi ke fita. Sanda ɗaya ta karye a ɓoye, ta kusa da ita ta ɗauki nauyin biyu, haka abin ke yaɗuwa. Shi ya sa mai duba tukunya ke rarrafawa cikin murhu da 'yar guduma da tocila, yana ƙwanƙwasa kan kowace sanda yana kasa kunne. Mai lafiya daban take amsawa, karyayya daban.

Bayan gyara ba a fara gwaji da wuta. Ruwa ake cikawa a matsa shi da famfo har ya wuce ƙarfin da tukunyar za ta yi aiki da shi. In akwai rauni, yoyo kawai za a gani. Da tururi ne, fashewa za ta yi ta tafi da rayuka. Ko ranar aiki ma ba a gaggawa: tun jajibiri ake kunna 'yar wuta kaɗan domin ƙarfe ya ɗumama a hankali.

Abin da ke karya gwiwa shi ne, a Birtaniya izinin tukunya ba ya wuce kimanin shekara 10. Ƙungiya ta share shekara ashirin tana gyara, jirgi ya yi goma yana aiki, sai a sake warware shi.

Nawa abin ke ci?

Ɗauki kan jirgin nan mai suna Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster ta Ingila a 1923, ya kuma yi gudun mil 100 a awa a 1934. Gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi a 2004, aka shiga gyara a 2006, bai dawo kan layi ba sai 2016, bayan ya lashe sama da fam miliyan 4. Duk inda aka buɗe sai a tarar da wata ɓarakar.

Idan an canza rabin jikinsa, shi ne dai na da?

Masana na ta ja-in-ja a kai. Wasu na cewa jirgin da ke da muhimmanci ƙwarai a ajiye shi a ɗaki kada a taɓa, kamar yadda aka yi wa Mallard, mai kambin gudu a cikin jirage masu tururi, mil 126 a awa, tun 1938, wanda ke zaune a York. Wasu kuma na cewa ai ko a zamanin aikinsu ana musanya musu tukunya da ƙafafu, don haka ba wani sabon abu. Akwai ma waɗanda suka ƙera sabo fil: Tornado, da aka kammala a 2008, domin duk irinsa an riga an yanka. Tukunyarsa sai a Meiningen ta Jamus aka samu masu iya haɗa ta.

Kwal ɗin fa, ana samu?

Da ƙyar. Mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda layukan tarihi suka dogara da ita, ta rufe a 2023, yanzu sai an shigo da shi daga waje. A Amurka, da kamfanin Union Pacific ya farfaɗo da ƙaton Big Boy mai lamba 4014 a 2019, sai ya mai da shi mai ƙona mai maimakon kwal.

Mu nan gida muna da abin adanawa?

Sosai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma taragon kaya ne suka kwashi gyaɗar dala da auduga da fatu zuwa Legas, da kuzar Jos, yayin da kwal ɗin Enugu ke hura wutar jiragen. An yi ma wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gida mai suna Jaekel House ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin jirgi. Tayar da kan jirgi mai kwal aiki ne na miliyoyi, amma tarago ɗaya na zamanin gyaɗa bai fi ƙarfin ƙungiyar gari ba: rumfar kwano, mai walda, kafinta, fenti, da wani tsohon ma'aikacin jirgi da zai zauna a gefe yana faɗa musu inda suka yi kuskure.