Libarba mai sauƙin kuɗi don wasan harbi a Amurka: wacce ta fi?

A Amurka harbin gwangwani da takarda a filin harbi nishaɗi ne na ƙarshen mako, kuma da yawa daga masu fara shi suna farawa ne da libarba irin ta zamanin kaboyi mai cin ƙaramin harsashi. Ga tambayoyin da sabon shiga ya fi yi.

Wace irin bindiga ake nufi tukuna?

Libarba ce mai ganga mai juyawa, galibi mai ramuka 6. Abin da ya bambanta ta shi ne sai ka ja gudumarta, wato ƙarfen baya da ke kai duka don harsashi ya tashi, baya da babban yatsa kafin kowane harbi, kunama kuwa aikinta ɗaya kacal, ta saki gudumar. An ɗauko siffarta daga bindigar Colt ta 1873. Harsashinta shi ne .22 LR, wanda ya fito tun 1887. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanso ne, ba a tsakiya ba, don haka a gefe ake dukansa. Ƙera shi ba ya cin kuɗi, shi ya sa ya fi sauran harsasai araha.

Me ya sa za a zaɓi bindiga mai jinkiri haka?

Jinkirin nan shi ne amfaninta. Ka buɗe 'yar ƙofar da ke gefen dama, ka zura harsashi ɗaya bayan ɗaya. Ka gama harbi, ka riƙa tura sandar da ke ƙarƙashin hancin bindigar, kwanso na faɗowa ɗaya-ɗaya, yatsunka sun yi baƙi da hayaƙi. Mai koyo yana samun lokacin nutsuwa tsakanin harbi da harbi, ya gyara tsayuwa, ya sake duba saiti. Ba ta tokarin hannu, kuma kwali ɗaya mai harsashi 50 zai iya kai ka rabin yini.

Wace ce ta fi araha?

Heritage Rough Rider. Kamfanin Taurus ya mallaki Heritage tun 2012, ana kuma ƙera ta a garin Bainbridge na jihar Jojiya. Sau da yawa ana samun ta ƙasa da dala 200. Wasu nau'o'inta suna zuwa da ganga ta biyu mai cin .22 Magnum, harsashin da Winchester ya fitar a 1959, wanda ya fi ƙarfi da ƙara da tsada. Tana da ɗan makulli a gefen hagu da ke tare guduma. Inda aka rage kuɗin a bayyane yake: fentin jikinta yana saurin goguwa, kuma yana da kyau a riƙa duba kusoshinta ko sun saki. Amma tana harbi, kuma mutane da dama da ita suka koya.

To Ruger Wrangler fa?

Ita ce zan nuna wa wanda ya tambaye ni. Kamfanin Ruger ya fitar da ita a 2019 a kan dala 249. Gangar harsashinta da hancinta ƙarfe ne, firam ɗin kuma alminiyam mai rufin Cerakote da ke jure gogayya. Abin da ya fi ba ni nutsuwa a kanta shi ne wani ɗan ƙarfe da ke tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi. Ƙarfen ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe, saboda haka ko bindigar ta suɓuce ta faɗi a kan gudumarta, dukan ba ya isa ga harsashi. Ruger ya fara sa wannan tsari a irin waɗannan bindigogi nasa a 1973, bayan tsofaffin sun jawo haɗurra. Wajen ɗuri ma ba sai ka taɓa guduma ba, da ka buɗe ƙofar ganga za ta juya.

Rough Rider kuwa sai ka ja guduma rabi kafin ka ɗura. Masu irinta suna bin tsohuwar ƙa'ida: ɗura ɗaya, tsallake ɗaya, ɗura huɗu, don guduma ta kwanta a kan ramin da babu komai. Ƙa'ida ce mai kyau, amma tana buƙatar mutum ya tuna kullum, kuma ɗan Adam ajizi ne. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai a yi sakaci da wannan ba.

Raunin Wrangler shi ne saitinta kafaffe ne, ba a gyara shi. In tana kai harsashi hagu kaɗan, kai ne za ka koyi halinta. Wanda wannan ya dama sai ya duba Super Wrangler ta 2023, mai saitin da ake juyawa da kuma gangar Magnum.

Single-Six ba ta fi su duka ba?

Ta fi. Ruger yana yin ta tun 1953, bindiga ce da ake gada. Sai dai kuɗinta ya ninka na Wrangler fiye da sau biyu, don haka ta fita daga sahun masu araha, in ba an dace da ta hannu mai lafiya ba.

In harsashi ya ƙi tashi, bindigar ce ta lalace?

Yawanci laifin harsashin ne, domin sinadarin ba koyaushe yake zagaye leɓen kwanso daidai ba. Ka bar bakin bindigar yana kallon inda kake harbi kamar daƙiƙa 30, sannan ka cire shi. Harsashin .22 LR yana barin dattin dalma da hayaƙi, don haka a goge ramukan ganga bayan kowace fita. Kada kuma a riƙa danna kunama babu harsashi sai littafin bindigar ya amince, saboda allurar na iya cin gefen ramin.

Tunda ƙarami ne, ai haɗarinsa kaɗan ne?

Ko kusa. Yana kashe mutum, kuma yana iya tafiyar sama da mil ɗaya. Dole a samu tudun ƙasa a bayan abin da ake harbi, a sa tabarau da abin toshe kunne, a kuma kulle bindiga inda yara ba za su kai ba.

Kowa zai iya saye?

A Amurka dillali mai lasisi ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, sai an cike takarda an kuma binciki tarihin mai saye, wasu jihohin har da ƙarin sharuɗɗa. A Najeriya lamarin daban ne: dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, wadda ba a riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa.