Waiwaye: Zankon Soro, Daga Birji Zuwa Siminti

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano, ko Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, in ya ɗaga kai zai ga wasu 'yan ƙahonni tsaitsaye a kusurwoyin soraye. Su ne zankwaye. Sunan aro ne daga zankon zakara, da kuma zankon da wanzami kan bar wa yaro a tsakar ka. Magina dama haka suke raɗa suna: 'yar katangar da ta kewaye rufin soro rawani suke ce mata, sai zanko ya leƙo ta samansa.

Yau ana kallon zanko a matsayin ado kawai, amma da aikinsa ya zo. Soron ƙasa da tubali ake ɗora shi, a kwaɓa birji da ciyawa, a rufe da azarar giginya. Babban abokin gabarsa ruwan sama ne, kuma kusurwa, inda bango biyu suka haɗu, nan ruwa ke fara ci. Zanko yana danne wannan mahaɗa da nauyinsa, tsininsa kuma ba ya barin ruwa ya kwanta. In damina ta yi ɓarna, shi ke fara zaizayewa, mai gida ya hango daga ƙasa ya san lokacin gyara ya yi. Magina kan ce a jikinsa ake ɗaura igiya idan za a sauko yaɓe bango, shi ya sa zanko mai kyau ake dasa masa guntun azara a ciki. Daga nan sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Aikin indararo ya fitar da ruwan da ya sauka a rufi, zanko kuma yana gadin gefe.

Sai maganar isa. A da, talaka ɗakin jinka yake kwana. Soro mai zankwaye na sarakuna ne da manyan malamai da fatake da suka tara abin hannu. Tun daga bakin zaure baƙo ke gane gidan da ya zo. Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, 1463 zuwa 1499, har yau da zankwayenta take tsaye. Sai dai kada mai kallo ya ɗauka hannun maginan Rumfa yake gani. Ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake, kowane yaɓe yana ɗan sauya masa kama, kuma zanko, da yake shi ne a sama, ya fi komai shan wannan sauyi. Tsohon abin da ya rage shi ne fasalin, wanda ɗa ke koya a wurin uba ƙarƙashin Sarkin Magina.

Bayan jihadin 1804 gini ya samu kasuwa, don sababbin sarakuna suna son masallatai da fadoji. A wannan zamani aka yi Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, lokacin Sarki Abdulkarim. Gwanintarsa a ciki ta fi bayyana, a bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, da tuluwa, wato ƙubbar ƙasa, kuma wannan ya nuna wani hali na ginin Hausa: waje ba ya cika hayaniya, bango ne shafaffe da 'yan zankwaye, ƙawar tana ciki. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi. Labari ne na baka, amma a Zariya har yanzu akwai unguwa mai sunansa.

In aka kwatanta da maƙwabta za a fi ganin bambancin. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, ita kanta tsini guda ce da itatuwa a soke a jikinta. A babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, ƙwan jimina aka kifa a ƙololuwar hasumiyoyin. Masallacin Larabanga a arewacin Gana kuwa kusan duk jikinsa tsinaye ne. Zankon Bahaushe ƙarami ne a kan waɗannan, wani mai baki ɗaya, wani a tsage biyu kamar kunnen zomo.

Zuwan Turawa bai kashe shi nan take ba. Su ma da fari soraye suka shiga, kamar Gidan Ɗan Hausa a Nassarawar Kano, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya buɗe makaranta a 1909. Abin da ya juya lamarin jirgin ƙasa ne, da ya iso Kano a 1911 ya buɗe hanyar kwano da siminti. Abin mamaki, kuɗin gyaɗa sai da suka fara ƙara wa ginin ƙasa armashi: attajirai suka shiga gasar zanen fuskar gida, ana zana dagi da takobi, har da keke da agogo, zankwaye kuma suka ƙaru a saman zaure. Amma rufin kwano gangare yake, bakinsa ya zarce bango, babu rawani balle wurin dasa zanko. Wanda ya gaji da yaɓen shekara-shekara da fargabar rufi ya rufto cikin Agusta, wa zai ga laifinsa don ya sayi kwano?

Masallatai ma suka sauya kai. Da aka sake gina babban masallacin Kano a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai ga ƙubba da dogayen hasumiyoyi irin na ƙasashen gabas. Yanzu ko masallacin unguwa ne, jinjirin wata na ƙarfe daga wurin mai walda ake kafa masa a ka.

An samu masu riƙo. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru yana auna tsofaffin gine-ginen Najeriya, kuma daga aikinsa aka samu gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano da ƙasa. A Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙauyen Yama a jihar Tawa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da irin kanta, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 ginin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan. Ni a ganina wannan ya fi gidan tarihi ƙarfin hujja, don jama'ar gari ne suka kwaɓa ƙasar, kuma salla ake yi a ciki.

Zankon da ya fi yawa yau na siminti ne. Ana zuba shi a ƙwarya ɗaya, a jera a kan ƙofofin gari da aka sabunta, da fadoji, da makarantu, da otal-otal, a shafa masa fenti. Duk kansu ɗaya kamar an yanka da wuƙa, ba igiyar da za a ɗaura musu, ba kusurwar da suke tsarewa. Inda abin ya fi ciwo shi ne tsohon soro da aka lulluɓe da siminti da sunan gyara: danshi ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya ya taho da zankon.