Asali da Hali a cikin Mahabharata

Mahabharata doguwar waƙa ce ta mutanen Indiya na dā, cikin harshen Sanskrit, mai baiti kusan 100,000 a littattafai 18. Al'ada na danganta ta ga wani malami mai suna Vyasa, amma masana sun fi karkata ga cewa an yi ta tara ta ne a hankali, daga wajen shekara ta 400 kafin miladiyya zuwa 400 miladiyya. Ƙashin bayan labarin rigimar gadon sarauta ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, Kaurawa su 100 da Pandawa su biyar, wadda ta ƙare da yaƙin kwana 18 a filin Kurukshetra. Cikin tambayoyin da waƙar ke yawan komawa kansu akwai wannan: haihuwa ce ke ba mutum daraja, ko halinsa?

Al'ummar da ke cikin labarin ta kasu aji huɗu da ake kira varna: Brahmana masu ilimi da hidimar addini, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya manoma da 'yan kasuwa, sai Shudra masu yi wa sauran hidima. Kowane aji da nasa dharma, wato abin da ya wajaba a kansa. A sashen Bhagavad Gita, allan nan Krishna ya lallashi Arjuna, ɗaya daga cikin Pandawa, ya ɗauki baka ne da hujjar cewa yaƙi wajibin Kshatriya ne, kuma gara mutum ya yi nasa wajibin ko da tangarɗa da ya kyautata na wani.

A baki, waƙar ta sha fifita hali. A littafin zaman Pandawa a daji, wata mesa ta kanannaɗe ɗayansu, Bhima, ta ce ba za ta sake shi ba sai yayansa Yudhishthira ya faɗa mata wane ne Brahmana. Ya ce shi ne mai gaskiya da kyauta da haƙuri da tausayi, kuma in aka sami waɗannan ga Shudra aka rasa su ga Brahmana, to sunan kowannensu ya faɗi. A littafin dai, an tura wani Brahmana mai girman kai, Kaushika, birnin Mithila ya ɗauki karatu wurin mahauci. Sai dai a ƙarshe mahaucin ya bayyana cewa shi ma Brahmana ne a rayuwarsa ta baya, tsinuwa ce ta sauko da shi. Wannan ɗabi'ar waƙar ce: ta buɗe ƙofa da hannun dama, ta ja ta da na hagu. Vidura, ɗan kuyanga, ya fi kowa a fada hankali da gaskiya, amma ba a taɓa kawo sunansa cikin masu neman gadon sarauta ba.

Inda lamarin ya fi zafi shi ne labarin Karna. Kunti, mahaifiyar Yudhishthira da Bhima da Arjuna, ta haife shi tun tana budurwa da allan rana, ta sa shi a kwando ta sake shi a kogi. Adhiratha mai tuƙa keken doki da matarsa Radha suka raine shi. Ranar gasar harbi, da ya fito zai kara da Arjuna, sai Kripa, wani malamin fada, ya nemi ya faɗi sunan uwa da uba, don ɗan sarki ba ya karawa da wanda ba a san asalinsa ba. Karna ya sunkuyar da kai. Nan take Duryodhana, babban Kaurawa, ya naɗa shi sarkin Anga. Ana gama naɗin tsoho Adhiratha ya shigo yana dogara sanda, Karna ya durƙusa ya gaishe shi gaban jama'a, Bhima ya yi dariya ya ce bulalar doki ta dace da shi, ba baka ba. Wannan halaccin ne ya ɗaure Karna ga Duryodhana har mutuwa. Ko da Kunti ta faɗa masa gaskiya gab da yaƙi bai sauya sheƙa ba. Alkawari kawai ya yi cewa ba zai kashe 'ya'yanta ba in ban da Arjuna.

Waƙar ba ta wanke shi ba. Mutumin da ya yanke sulken da aka haife shi da shi ya ba mai roƙo, shi ne kuma ya ci mutuncin Draupadi, matar Pandawa, ranar da Kaurawa suka cinye ta a caca, ya ce a tuɓe ta. Ranar 17 ta yaƙi, da ƙafar kekensa ta kafe ya roƙi Arjuna ya dakata bisa ƙa'ida, Krishna ya tuna masa ranar cacar, aka harbe shi. Abin lura, gwanintarsa ba ta rushe tsarin ba, tunda mai karatu ya san tun farko jinin sarauta ne. Shi kuwa sanannen wurin da Draupadi ke cewa ba ta auren ɗan mai tuƙa keke, ba ya cikin ainihin matanin da Cibiyar Bhandarkar ta birnin Pune ta tace tsakanin 1919 da 1966.

Ekalavya ba shi da ɓoyayyen asalin da zai cece shi a wannan sashe. Ɗan ƙabilar Nishada ne ta mazauna daji. Drona, malamin Arjuna, ya ƙi koya masa harbi, sai ya gina siffarsa da yumɓu ya yi ta gwaji a gabanta har ya zarce Arjuna. Da Drona ya gano, ya nemi ladan malanta: babban yatsansa na dama. Yaron ya yanke ya miƙa. 'Yan Dalit, waɗanda tsarin aji ya ajiye a can ƙasa, da ƙabilun daji na Indiya suna kafa hujja da labarin wajen zancen hana ilimi. Gwamnatin Indiya ta sa sunan Ekalavya ga makarantun kwana na 'ya'yan ƙabilu, kuma tun 1985 lambar yabonta ta masu horar da 'yan wasa ke ɗauke da sunan Drona.