Me ake nufi da "kuskuren mai kwafa" a Littafi Mai Tsarki?

Duk wanda ya taɓa zama a fadar matasa a Maraɗi lokacin da gardamar addini ta kaure, da wuya bai ji wannan magana ba. Wani zai ciro waya ya nuna ayoyi biyu da ba su jitu ba, sai Kiristan da ke wurin ya ce, "Ai wannan kuskuren mai kwafa ne." Wasu su ɗauke ta a matsayin hanyar zillewa, wasu kuma su riƙa jefa ta a kan kowace tambaya. Ga alama duka ɓangarorin biyu ba su tsaya sun duba me kalmar ke nufi ba.

Kafin Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i a Jamus wajen 1455, da hannu ake kwafe shi, wannan daga wancan, ɗaruruwan shekaru. Rubutun farko na annabawa da manzanni babu ko ɗaya da ya rage. Kwafi ne ya iso mana. Kuskuren mai kwafa shi ne abin da ya shiga rubutun ba da gangan ba a wannan doguwar hanya: ido ya tsallake layi, harafi ya rikiɗe, kalma ta faɗi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na sarki Ahaziya. A 2 Sarakuna 8:26 an ce yana da shekara 22 ya hau gadon sarauta. A 2 Tarihi 22:2, rubutun Ibrananci ya ce 42. Ba sai an je nesa ba, littafin Tarihin da kansa ya warware: Yehoram, uban Ahaziya, ya hau mulki yana da shekara 32, ya yi shekara 8, ya mutu yana da 40, ɗansa ya gaje shi nan take. In aka riƙe 42, ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu ke nan. Tsohuwar fassarar Suriyanci da wasu kwafin fassarar Girkanci suna da 22 a wannan wurin, shi ya sa fassarori da yawa na yanzu suka sa 22, suka yi bayani a ƙasan shafi. Haka lamarin sarki Yehoyakin yake, shekara 18 a 2 Sarakuna 24:8, amma 8 a 2 Tarihi 36:9.

Wani lokaci har ana iya ganin inda hannu ya zame. A Farawa 10:4 akwai sunan Dodanim, a 1 Tarihi 1:7 kuma Rodanim. Haruffan dalet da resh na Ibrananci ɗan lanƙwasa kawai ya raba su. Wanda ya yi makarantar allo ya san yadda dal da ra ke rikita almajiri in tawada ta yi ruwa ko alƙalami ya dakushe.

Akwai wani bayani da ake yawan yi cewa Ibraniyawa da haruffa suke rubuta lambobi, don haka suka cakuɗe. Gara a yi hattara da shi, domin tsofaffin kwafin da ke hannu da cikakkun kalmomi suke rubuta adadi.

Masana ba da ka suke yanke hukunci ba. Suna jera kwafi ne su gwada. Na Sabon Alkawari da Girkanci sun haura 5,000. Na Tsohon Alkawari kuwa, cikakken kwafin Ibrananci mafi tsufa, wanda ke ajiye a Rasha, na wajen shekarar 1008 ne, sai a 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, waɗanda suka girme shi da kimanin shekara 1,000. A can ne aka sami kwafin littafin Sama'ila da ya ba Goliyat tsawon kamu 4 da taƙi, ba kamu 6 da taƙi da ke cikin wancan kwafin na 1008 ba.

Rashin ganganci ne ya raba kuskuren mai kwafa da tahrifi, wanda ƴan'uwa Musulmi ke nufin sauya nassi ko ma'anarsa da shi. Su kuma masu wa'azin bishara da dama suna bin matsayar da aka rubuta a Shikago a 1978, cewa rashin kuskure na rubutun asali ne, ba na kowane kwafi ba. Amma fa a faɗi gaskiya, ba duk sauyi ne zamewar hannu ba. A Markus 1:2 tsofaffin kwafi sun ce "annabi Ishaya", alhali farkon abin da aka ambato daga littafin annabi Malakai yake. Kwafin da suka zo daga baya suka mai da shi "annabawa". Wannan mai kwafa gyara ya yi, don ya ga kamar akwai matsala.

Sai kuma wuraren da kalmar ba ta da hurumi sam. Matiyu 27:5 ya ce Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya rataye kansa, Ayyukan Manzanni 1:18 ya ce ya faɗi cikinsa ya fashe. Jerin kakannin Yesu a Matiyu 1 daban yake da na Luka 3, har sunan mahaifin Yusufu, mijin Maryamu: Yakubu a wancan, Heli a wannan. Ba harafi ne ya zame a nan ba, haka marubutan biyu suka rubuta. Malaman tauhidi suna da amsoshinsu, kamar masu cewa Luka zuriyar Maryamu ya bi, wasu masanan kuma ba su gamsu da hakan ba. Wannan gardama ce ta tafsiri, kuma fasto ko ɗan majami'ar da ya kira ta kuskuren mai kwafa, abokin gardamarsa na da damar ya ce masa, "To, Malam, a wane kwafi aka ga ɗayan karatun?"